An yi mini aikin bakin mahaifa, yanzu lambar gwajin jini ta hana ni barci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Shekaruna 37, 'ya'yana huɗu. Wata bakwai da suka wuce aka gano canji a bakin mahaifata, wanda suke kira CIN 2. Likita ta ce ba kansa ba ce, amma in aka bar shi yana iya komawa ita. Aka yanke wurin da 'yar wayar nan mai zafi, LEEP. Alhamdulillah na warke.

To ƙanwata da ke karatun aikin lab ta ga takardar gwajin jinin da aka yi mini kafin aikin, ta ɗauki biro ta raba wata lamba da wata, ta ce NLR ɗina 3.4 ne, wai ta karanta cewa masu lamba mai yawa abin ya fi dawo musu. Tun ranar takardar tana cikin jakata, har ta fara yagewa saboda buɗewa da ninkewa. In sake gwajin jinin ne? Ko in ce a cire mahaifar kawai in huta?

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Ni ma an yi mini shekara uku ke nan, kuma ban taɓa jin likita ya ambaci wannan lambar ba. Kada ki yi saurin maganar cire mahaifa.

Sista Ummi: Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren mata. Ƙanwarki ba ƙarya ta yi ba, amma ta ba ki rabin zance. Fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne. Akwai niyutrofil, masu yawaita idan akwai kumburi ko ciwo a jiki, akwai limfosayit, waɗanda su ne ke fafatawa da ƙwayar cuta irin HPV, wadda ita ce ke jawo wannan canjin a bakin mahaifa. NLR raba adadin na farko ne da na biyu. Masu bincike sun duba takardun matan da aka yi wa aikin, wasu suka ga alamar cewa masu lamba mai yawa ya fi komo musu. Bincike ne da bai kai matsayin da za a yanke wa mace ɗaya hukunci da shi ba, kuma ba ya cikin ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021. Lambar nan ciwon haƙori yana ɗaga ta, ciwon sanyi, juna biyu, har tashin hankalin ranar aiki. Yau ki auna, jibi ki auna, ki ga daban.

Abu biyu nake so ki nema. Na farko, sakamakon naman da aka yanko: an rubuta gefensa tsaf yake, ko cutar ta taɓo gefen? Na biyu, kuma shi ne babba, gwajin HPV bayan aiki. Wasu asibitoci suna yi a wata 6, Hukumar Lafiya ta ce a wata 12. In ƙwayar ta tafi, haɗarin dawowa ya yi ƙasa ƙwarai. In tana nan, musamman nau'in 16 ko 18, sai a sake leƙa bakin mahaifar da madubin likita mai ƙara girman abu. Mafi yawan matan da aka yi wa LEEP ba ya dawo musu, waɗanda ya dawo wa kuma galibi cikin shekara biyun farko ne, a lokacin da har yanzu ana iya sake magance shi.

Hajiya Babba: 'Yata ki riƙa cin zogale da zuma, garkuwar jiki za ta ƙaru. Kuma ki dage da addu'a.

Sista Ummi: Hajiya, ta ci, abinci ne mai kyau. Roƙona kada a cusa komai a gaba, kuma kada zogale ya hana komawa asibiti. Tunda an taɓo garkuwar jiki, gwajin jinin da ya fi NLR amfani a nan shi ne na HIV. Ba zargin kowa nake ba, kowa muke yi wa. Mace mai ɗauke da ita ta fi sauran mata haɗarin kansar bakin mahaifa ninki shida, don haka bibiyarta ta fi tsanani. Cire mahaifa kuwa babban aiki ne, ba a yin sa saboda tsoro, kuma ko an cire sai an ci gaba da dubawa.

Maman Sadiq: In kina da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allurar rigakafin HPV ta shigo Najeriya tun Oktoban 2023, kyauta. Nawa biyu an yi musu.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Sista, na binciko ɗaya takardar a ƙasan akwati, an rubuta gefen ba komai. HIV an yi mini kafin aikin, babu. Gwajin HPV ne ban koma ba, don na ɗauka tunda jinin ya tsaya shi ke nan. Na yi wa Baban yara magana, ranar Litinin zai kai ni, kuma zan tafi da babbar 'yata, shekararta 11.