Abin da aka tattauna kan labarin makaɗi da 'yar sarki

Ga taƙaitaccen shawarwarin da aka bai wa mai rubuta labarin soyayyar makaɗin fada da 'yar gidan sarauta a Kanon 1903:

1. An haɗu a kan cewa kowane kiɗa da mutanensa. Tambari da kakaki na sarki ne, kotso da taushi na waƙar fada, kalangu kuwa an fi saninsa da mahauta. Kada a bai wa makaɗin garaya a Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano.

2. Kuɗi wuri ne, tafiya doki da jaki. Shigar Turawa da barin Sarkin Kano Alu gari su motsa labarin.

3. A nan aka daɗe, kuma ni ma nan ya fi taɓa ni: yaya za su haɗu alhali tana cikin kulle? Da yawa sun ce ta jakadiya, ko ya ɓoye saƙonsa cikin kirari da habaici, ita kaɗai ke ganewa.

4. Batun asalin makaɗin ya raba kawuna. Wasu na so a gano ɗan sarauta ne. Wasu sun ce hakan raina makaɗa ne, a bar shi da sana'ar gidansu.

5. Kan ko za su yi aure, ba a daidaita ba.