Tambaya: shin bitamin a cikin ruwan ban-ruwa yana ƙara wa tsiro girma?

Mai lambu, Daura:
Assalamu alaikum. Ina noman rani a kusa da madatsar ruwan Daberam, kuma bana na yafa irin tumatir a komi huɗu. Wani maƙwabcina ya ba ni shawarar in riƙa narkar da ƙwayar bitamin a ruwan da nake ba tsiron, wai saiwa za ta yi ƙarfi kafin dashe. Na jarraba a komi ɗaya da bitamin C mai kumfa, sai ga shi bayan kwana 10 bakin ganyen ya ƙone, wasu kuma sun kwanta daga gindi. Shin abin ne bai dace ba, ko ni ne na zarce ƙima?

Malamin kimiyya, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. Maganar maƙwabcinka tana da asali, sai dai an ɗauke ta ba yadda take ba. A shekarun 1930, wani masani mai suna James Bonner a Kalifoniya ta Amurka ya gano cewa saiwar da aka yanke daga jikin shuka aka rene ta a kwalba tana buƙatar bitamin B1 kafin ta ci gaba da girma. Dalili shi ne an raba ta da ganye, alhali a ganye ne shuka take haɗa wannan bitamin ta aika wa saiwa. Tsiron da yake da ganyensa kuwa yana wadata kansa, shi ya sa gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su nuna amfanin ƙara masa ba. Idan ka ga wani ruwan kwalba mai tambarin B1 ya yi aiki, yawanci taki ko sinadarin fito da saiwa da aka haɗa a ciki ne ya yi shi.

Ƙwayar da ka narkar kuwa, abin da yake sa ta kumfa yana ɗauke da gishirin sodiyam, kuma idan gishiri ya taru a ƙasa yana hana ƙaramar saiwa shan ruwa. Ina kyautata zaton daga nan ƙunar ganyen ta fito.

Hajiya mai renon itatuwa, Katsina:
Ɗan'uwa, ka tuge ɗaya daga cikin waɗanda suka kwanta ka duba daidai inda karan ya taɓa ƙasa. Idan ya sirance kamar zare, ya yi duhu, to cutar ruɓewar gindi ce, wadda yawan ruwa da cunkoso suke jawowa. Ka rage tsiron, ka koma ban-ruwa da safe, kada ka bari komin ya kwana jagab cikin sanyin hunturu. Ni takin gida da ya ruɓe sosai nake gauraya wa ƙasar tun kafin yafi.

Mai lambu, Daura:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Na tuge uku da safen nan, kuma duka gindinsu ya sirance kamar yadda kika faɗa. Na daina zuba ƙwayar, na ba komin ruwa zalla sau ɗaya don gishirin ya sauka ƙasa, yanzu zan bar shi ya sha iska.