Ciwon baya bai sake ni ba, inshora kuma ta ce adadin gashin ƙashina ya cika

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitocin gashin ƙashi da waɗanda suka san yadda inshorar lafiya take aiki.

Makonni 14 ke nan da bayana ya riƙe bayan na ɗaga buhun shinkafa, kuma hoton da aka ɗauka ya nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙuguna ya zame yana danne jijiya, shi ya sa zafin yake sauka ta ƙafar hagu har idon sawu. Likita ya ce yawancin irin wannan ciwo yakan lafa cikin makonni 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, amma ni har yanzu a zaune nake salla.

Tsarin inshorar da wurin aikinmu ya saka mu ya amince da zaman gashin ƙashi 6 kacal a shekara, na kuwa cinye su tun watan farko, daidai lokacin da na fara jin sauƙi. Asibitin ya nemi ƙari sau biyu, kamfanin ya ƙi, ni kuma albashina ba zai ɗauki biyan kowane zama ba.

Shin rahoton likitan ƙashi zai iya sa a ƙara adadin, ko kuwa wajen hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora ya kamata in kai ƙorafi? Sannan idan na dogara da atisayen da aka koya mini a gida, wace alama ce za ta nuna cewa jiran ya zama haɗari?