Wane magani ke taimaka wa mai son barin giya?

Tambaya: Salamu alaikum likitoci. Mutumin da ya shekara goma yana shan giya kullum, akwai ƙwayar da za ta cire masa sha'awarta? Kuma ana iya zuba masa a abinci ba da saninsa ba?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ya yanke sha lokaci ɗaya a gida. Cikin awa 6 zuwa 24 rawar jiki da gumi kan fara, wasu har farfaɗiya, a kwana na 2 zuwa 3 kuma ruɗewa mai iya kisa. A asibiti ake wannan mataki, da diazepam (maganin kwantar da rawar jiki da farfaɗiya) da bitamin B1.

Amsa ta 2: Bayan nan sai naltrexone, 50mg sau ɗaya a rana, yana rage daɗin da giya ke bayarwa. A fara gwada hanta. Abin da ake yawan mantawa: in yana shan tramadol ko kodin, dole ya yi kwana 7 zuwa 10 babu su, in ba haka ba jikinsa zai rikice nan take. Mai matsalar hanta ya fi dacewa da acamprosate, 666mg sau uku a rana, amma a duba ƙoda tukuna. Yakan sa gudawa.

Amsa ta 3: Zancen zubawa a ɓoye, don Allah kada a yi. Maganin da ake nufi a nan shi ne disulfiram. Yana hana jiki narkar da acetaldehyde, wato gubar da giya ke komawa a jiki, sai kurɓi ɗaya na giya ya jawo amai, bugun zuciya da faɗuwar hawan jini. Tasirinsa kan kai mako biyu bayan an daina, kuma mai ciwon zuciya ba ya shan sa.