RAM ta ƙi zama a 6000, wa ya taɓa fama da wannan?

Mai_Editin: Salamu alaikum jama'a. Na haɗa kwamfuta da processor Ryzen 7 7700X na AMD da RAM nau'in DDR5 guda biyu, a kwali an rubuta gudunta 6000 amma ita 4800 take gudu. Na kunna EXPO (saitin da ke sa RAM ta yi gudun da aka rubuta a kwali) a BIOS (wurin saitin motherboard) ta hau 6000, amma ina tsakiyar fitar da bidiyo sai allo ya yi shuɗi ta mutu. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana yadda ya fita.

Dan_Gyara: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa 4800 ɗin nan ba cuta aka yi maka ba, haka DDR5 take tashi sai ka kunna EXPO, ko XMP in Intel ce. Fara duba ramin motherboard da ka sa RAM ɗin, tawa sai da na mayar da su rami na biyu da na huɗu, A2 da B2, sannan ta daina wannan rigimar.

Injiniya: Ni matsalata guda huɗu na cika, biyu sababbi biyu na hannu, duk 6000 aka rubuta amma ba kwali ɗaya suka fito ba, wallahi ta ƙi sam, fanka na juyawa allo baƙi ƙirin sai na cire batirin CMOS (ƙaramin batirin da ke riƙe saitin BIOS) take dawowa. Da na bar biyu kawai na sabunta BIOS shikenan. Amma oga kar ka taɓa sabunta BIOS ba UPS, a ɗauke wuta a tsakiya ka shiga uku. Kuma wutar SoC (wadda ke shiga sashen processor mai kula da RAM) kar ta wuce 1.3V, a 2023 an ga Ryzen 7000 suna ƙonewa saboda wutar ta yi yawa, shi ya sa AMD ta kafa wannan iyakar.

Yar_Zane: Tawa lokacin sanyi lafiya lau, Afrilu na shigowa ta fara mutuwa da rana tsaka. MemTest86, manhajar gwada RAM, ya yi ta fito da jan layi na kuskure da zarar ta ɗau zafi. Ƙaramar fanka na ɗaura tana hura RAM ɗin, kuma na sauke ta zuwa 5600, a aikina ban ga wani bambanci ba gaskiya.

Dan_Gyara: Af, kuma bayan ka kunna EXPO in allo ya yi baƙi kar ka yi saurin kashewa, tana gwada RAM ɗin ne, takan ɗau 'yan mintoci.

Mai_Editin: Na gode ƙwarai. Na duba yanzu, a A1 da B1 mai shagon ya sa min su. Na canza, zan bar MemTest86 ya kwana yana gudu tunda akwai wuta yau.