Sifili a TP na algoritim: wai sata muka yi

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan aji. Raina a ɓace yake. Malamin tsarin bayanai da algoritim ya ba mu sifili ni da abokin ɗakina a TP na biyu (aikin gwaji a kwamfuta), wanda aka ce a rubuta jerin sarƙa, wato bayanai da kowane ƙulli ke nuna na gaba da shi, da harshen kwamfuta na C. Kwana uku ina fama da poyinta (manunin da ke haɗa ƙulli da ƙulli) kafin abin ya tashi. Daren Alhamis aka ɗauke wuta a unguwarmu, kwamfutarsa ba caji, ya zauna gefena na nuna masa yadda ake cire ƙulli daga tsakiyar jeri ba tare da sarƙar ta tsinke ba. Malam ya ga kod ɗinmu, wato umarnin da muka rubuta wa kwamfuta, ya yi kama, ya rubuta wai sata ce. TP yana cikin CC, wato makin ayyukan da ake tarawa kafin jarrabawar ƙarshe, CC kuwa kashi 30 ne na makin darasin. Tambayata: ya dace a hukunta mai bayarwa da mai karɓa daidai wa daida, ba a kira kowa an ji ta bakinsa ba? Mu haɗu mu roƙe shi ya riƙa sa mutum ya yi bayanin kod ɗinsa da baki kafin hukunci.

Ustaz: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kalmar sata ba ta hau nan ba. Sata ɗaukar abin wani ce a ɓoye ba da izininsa ba, kai kuwa da hannunka ka ba shi. Wannan ha'inci ne, kuma malam aka ha'inta.

Delege (wakilin aji): Ustaz, tun muna firamare satar amsa ake cewa. Kuma ranar farko malam ya karanta dokokinsa: a tattauna dabara da baki, amma kowa ya rubuta kod ɗinsa, jinkirin kowace rana a cire maki 2 cikin 20, wanda ya rasa TD (zaman atisaye a aji) uku ba ya zama jarrabawa. Ina da hoton allon.

Ustaz: Satar amsa a ɗakin jarrabawa take, inda mutum ke leƙen takardar wani. A ɗakin kwana aka yi wannan.

'Yar Marwa: To in ba sata ba ce, makin da abokin zai samu na wa ne? Ni kaɗai na yi nawa, na sami 11. Da an kyale su, shi da bai iya ba ya wuce ni. Haƙƙina ya ɗauka, Ustaz, kuma ban ba shi izini ba.

Ɗan Garwa: Wa ya ce miki bai iya ba? Don Allah ku koma kan tambayata.

Ɗan Injamena: Delege kullum kana bayan malam, kai ke riƙe masa jaka. Mu da muka tsallako daga Kuseri, iyayenmu suna biyan sefa 50,000 na rajista ga haya ga abinci, sifili ɗaya ya jefa mutum ratrapaj, wato sake zama jarrabawa. Yayyenmu an raba musu kwamfutocin nan 500,000 da gwamnatin Kamaru ta sanar a 2016, mu kuwa mutum uku kan kwamfuta ɗaya. Ta yaya kod ba zai yi kama ba?

Delege: Ku kuka zaɓe ni. Riƙe jakar malami tarbiyya ce, a gidanmu haka aka koya mana.

Ɗan Injamena: Mu ba mu da gida ke nan?

Yaya na Masta: Ƙannena ku sassauta. In dai amfani da dabarar wani sata ce, duk ajin ɓarayi ne. Jerawa ta raba-ka-haɗe John von Neumann ya fito da ita a 1945, neman hanya mafi kusa kuma Dijkstra ya wallafa a 1959, ba wanda ya ƙago su a cikinmu. Abin da ake auna shi ne ko ka gane dalili. Sunaye miliyan ɗaya da aka jera bisa haruffa, in ka bi ɗaya bayan ɗaya kana iya duba miliyan, in kana raba jerin biyu kana jefar da rabi, tambaya 20 ta ishe ka. Wanda ya kwafa zai rubuta kod ɗin ya yi aiki, amma ka ce masa me ya sa 20, sai ya tsaya. Shi ya sa jarrabawar ƙarshe a takarda ake yinta ba kwamfuta. Kuma canza sunayen canjau (ma'ajiyar ƙima a cikin kod) ba ya ɓoye komai, akwai manhajar MOSS mai gano kwafi tun 1994, ginin kod take kwatantawa.

'Yar Marwa: Malam ba ya buƙatar manhaja, Yaya. An ce har kuskuren rubutu iri ɗaya suka yi a layi ɗaya.

Ɗan Garwa: Wa ya ce? Kin gani da idonki?

'Yar Marwa: An gaya mini.

Ustaz: Yaya ya manta asali. Kalmar algoritim daga sunan Al-Khawarizmi ta fito, Balaraben da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ilimin namu ne kafin Turawa.

Ɗan Injamena: Ba Balarabe ba ne, Ustaz. Da Larabci ya yi rubutu, amma sunansa na Khawarizm ne, wajen Uzbekistan ta yau.

Ustaz: Wanda ya yi rubutu da Larabci a Bagadaza me za ka kira shi?

Ɗan Injamena: Kai da Faransanci kake rubuta jarrabawa, Bafaranshe ne kai?

Admin: Ya isa haka. A matsayina na wanda ya taɓa kula da TP na 'yan shekarar farko, ga abin da aka cim ma: jama'a sun yarda dokar malam tana kan daidai, an karanta ta tun ranar farko, kuma Yaya ya tabbatar da hujja cewa kwafi ba ya ɓuya. Ko an kira shi sata ko ha'inci, sifilin ya zauna. Batun wuta da ƙarancin kwamfuta uzuri ne, mu ma da fitilar waya muka yi namu. Ɗan Injamena, ka nemi afuwar Delege.

Ɗan Garwa: Yaya Admin, ban ga inda jama'a suka yarda ba, mutum biyu ne. Ban ce a soke doka ba, cewa na yi a kira mu, a buɗe kod ɗin, a tambaye mu layi-layi. In abokina ya kasa, na karɓi sifilina. Ranar Litinin ƙarfe 10 malam yana ofis, wa zai raka ni?

Ustaz: Zan raka ka insha Allah. Amma in mun shiga, zan fara roƙonsa ya goge kalmar sata daga takardarka.