Me alamomin gado za su amfana wa gauraka?

Ɗalibi daga Nguru:
Assalamu alaikum. Kakana yakan ba mu labarin garken gauraka a fadamun Hadejiya da Nguru, amma ni ban taɓa ganin ko guda a daji ba, sai a gidajen masu hali inda ake ajiye ta don ado. Malamai, na ji ana samar da alamomin gado daga DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta, domin ceton tsuntsayen ruwa, shin me gwajin zai ƙara wa tsuntsun da ya rasa mazauninsa?

Malama mai koyar da ilimin halittu:
Wa alaikumus salam, ɗana. Alamomin nan wurare ne a cikin DNA inda 'yan haruffan bayanan gado ke maimaituwa, kuma yawan maimaicin ya bambanta daga tsuntsu zuwa tsuntsu, saboda haka da su ake gane uwa da uba da 'yan'uwa. Amfaninsu ya fi fitowa idan tsuntsaye sun ƙaranta ƙwarai. A 1981 an gano wani tsuntsu dangin jinjimi a lardin Shaanxi na ƙasar Sin, guda 7 kacal suka rage a can, kuma dubban da ake da su yau daga wannan tsatso suka fito. A irin wannan hali, idan masu kiwo ba su san dangantakar tsuntsayen ba, za su yi ta haɗa jini ɗaya, ƙwai ya riƙa lalacewa, 'ya'yan kuma su fito da rauni.

Ma'aikacin gandun daji:
Ina ƙara wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Gauraka iri biyu ce, ta Afirka ta Yamma da ta yankin Sudan da Habasha. Idan an ƙwace ta daga hannun masu fatauci, gwajin ne zai taimaka a san asalinta kafin a sake ta, haka kuma shi zai bambance namiji da mace, domin a ido kusan kamarsu ɗaya. Sai dai ni damuwata tana kan ruwa: tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa ambaliyar damina a fadamun Hadejiya da Nguru ta ragu, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa.

Ɗalibi daga Nguru:
Na gode ƙwarai. Dole ne sai an ɗibi jini?

Malama mai koyar da ilimin halittu:
Ba dole ba ne. Gashin fiffike da ya faɗi da kansa yakan wadatar idan gindinsa bai lalace ba. Ka sa shi a ambulan na takarda, kada ya jiƙe, ka rubuta wuri da ranar da ka tsince shi.